Fitilun da Suka Kori Ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai amarya wata tungar masunta a bayan Wara ba. Labarin ya zaga dangi har ya gaji, kowa kuma da irin gishirin da yake ƙara masa, shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina, ko na samu a rage mini wani abu.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Yelwa. Na sayi tsohuwar akori-kura a hannun wani ɗan kasuwa, ina ɗaukar wa mata bandar kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa a ranakun da babu makaranta. Motar ba ta da laifi, in ka cire ƙofar direba da sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu. Abu ɗaya ne yake ci mini rai: fitilunta. Tun na kamfani ne, gilashin ya yi jawur, haskensu bai wuce taku goma ba. Amma dai suna nuna hanya (wannan sai daga baya na san darajarsa).

Sai aka sa bikin Rabi, ƙanwar matata Maimuna. Angon, Sani, ɗan Sarkin Ruwan tungar ne, sun daɗe suna son juna, kowa na murna. Da aka zo maganar wanda zai kai amarya da kayan ɗakinta, tun kafin a tambaye ni na ɗaga hannu. Surukina ya dube ni ya ce, "Malam, hanyar nan ba ta da kyau, kuma ka san mata ba su fita da wuri. In dare ya yi muku hwa?"

Na ce, "Baba, ko tsakar dare ne ba komai."

Da muka koma gida Maimuna ta ce, "Da waɗanne fitilu? Waɗannan masu kama da idon mage mai mura?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Washegari ina tashi daga makaranta na zarce shagon mai kayan mota. Ya fito mini da wasu fitilu sababbi fil a kwali, gilashinsu fari tas, ya ce irinsu manyan motocin da ke tafiyar dare zuwa kudu suke sawa. Ya ƙara da wasu ƙanana biyu masu zagaye, na ɗaurawa a saman mota. Ban san amfaninsu ba, amma na tuna fuskar Maimuna, na ce a haɗa mini duka.

A bakin tasha akwai Mamman Rewaya, mai gyaran wayoyin mota, wanda rabin motocin Yauri sun bi ta hannunsa. Na biya in nuna masa, ba don ya ɗaura ba, don dai ya yaba. Ya juya fitilar a hannunsa, ya leƙa cikin bonet, ya ce, "Malam, waɗanga suna shan wuta ƙwarai. Wayoyin motarka sirara ne, ba su ɗauka. Sai an ja sabuwar waya mai kauri, a sa rile. Kawo ta jibi da sahe."

Ban san mene ne rile ba. Maimakon in tambaya, sai na yi murmushi irin na malamai na ce, "Mamman, wutar lantarkin nan fa ni nake koyar da ita."

Ya ce, "To, Allah shi taimaka." Ya koma kan aikinsa.

Kwana biyu na yi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida da filaya da salatif. Na zana taswirar wayoyin a takarda da jan biro da shuɗi, ta yi kyau har na so in kai ta aji. Matsalar ita ce wayoyin cikin motar ba su yi kama da na takardar ba. Duk sun yi baƙi da tsufa, wasu an sha yanke su an ƙulla, akwai wata ma da na bi ta tun daga gaba har baya ban ga inda ta nufa ba. Duk wadda na ga tana kusa da 'yar'uwarta sai in haɗa su in naɗe.

A jikin gilashin kowace fitila akwai 'yar kibiya. Na tsaya na yi nazari. Na ce kibiya tana nuna inda haske zai nufa ne, hanya kuwa a ƙasa take, saboda haka kibiya ta dubi ƙasa. Na ji daɗin wannan tunani sosai. (Kibiyar cewa take yi nan ne sama. Wato kife su na yi, duka biyun, da hujja.)

Da na kunna, fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone. Na sa wani, shi ma ya ƙone. Na ce lallai fis ɗin zamani ba su da ƙarko, na lanƙwasa guntun waya na cusa a gurbinsa. Sai ga fitilu sun kama. Da tsakar rana na yi gwajin, rana na tsakiyar ka, na tsaya a gabansu na ga suna ƙyalli, na kira Maimuna ta gani. Ta ce, "Ai kuwa sun yi kyau." Kwana na yi ina jin kaina.

Ranar kai amarya an ce za a tashi da azahar. La'asar sakaliya muka tashi. An loda gado da katifa da kwanuka da buhun shinkafa, mata shida suka hau baya har da Maimuna. A gaba kuwa Gwaggo Kulu ce a tsakiya, yayar surukina, mace mai faɗa a ji wadda ko mazan gidan ba sa ja da ita, sai amarya a jikin ƙofa, lulluɓe da mayafi. Ni ko a jikina da aka makara. Gaskiya ma so nake duhu ya yi.

Mun bar kwalta mun hau burji, dawa ta yi tsayi dama da hagu, muka tsaya aka yi magariba a wani ƙauye. Da muka koma mota na gyara zama, na ce, "Gwaggo, yanzu za ki ga aiki." Na murɗa makunni.

Haske ya tashi kamar an buɗe ƙofar rana. Na ga kowane ganye na saman wani mangwaro, na ga sheƙar tsuntsu, na ga jemagu suna watsewa. Da na sauke idona kan hanya, babu hanya. Baƙi ƙirin.

Na kashe, na sake kunnawa. Mangwaro dai.

Gwaggo ta leƙa ta gilashi ta ce, "Malam, mi anka aje bisa itace da kaka nema?"

Na ce, "Sababbi ne, Gwaggo, sai sun ɗan yi zafi suke sauka."

(Ban san inda na samo wannan magana ba. Da wani ɗalibina ne ya rubuta ta a jarrabawa, da na zagaye ta da jan biro.)

Muka ci gaba a hankali, ina lalube. Na taka abin sauke haske, sai ya ƙara hawa. Na sake takawa, ya dawo kan rassa. Kaina ya ɗaure. Na shiga lissafi a zuci: ko nauyin kaya ne ya danne bayan motar, gabanta ya ɗaga? Wannan ya yi kama da kimiyya, sai na tsaya na roƙi matan baya su matso gaba. Suka matso, suna gunaguni, suka cunkushe a jikin gado. Ba abin da ya canza, sai dai yanzu ina jin abin da suke faɗa a kaina.

Wata babbar mota ta taho daga gaba. Direban ya yi ta ƙyafta mini fitila, da ya zo daidai mu ya leƙo ya faɗi wata magana da ba zan maimaita ba, tunda da amarya a motar. Na ce wa Gwaggo gaisuwa ce irin ta direbobi. Ta ce, "Har da uwa a gaisuwar taku?"

Can muka faɗa wani rami. Kwanuka suka yi kururuwa, wata ta yi salati, Maimuna ta buga rufin mota da tafin hannu ta ce, "Malam, lafiya? Ba ka ganin hanya ne?"

Na ce, "Ina gani!"

Nan na tuna da ƙananan nan biyu na saman mota. Na ce yawwa, ga ranarsu. Na kunna. Ɗaya ta haska gonar dawa ta hannun dama, ɗayar kuwa, da yake ramin ya karkatar da ita, ta juya tana haska sararin sama tana rawa. Amma tsakanin su huɗun na samu ɗan abin da nake ganin gefen hanya da shi, na ce Alhamdu lillahi.

Ba a jima ba Gwaggo ta fara shinshina. "Wa ka ƙona roba?"

Na ce wataƙila masu banda ne, mun kusa ruwa. Ita da ta shekara hamsin tana bandar kifi ta juyo ta dube ni. Ni ma ina jin warin, har da ɗan ɗumi a gwiwata, amma na ƙudurta ba zan tsaya ba sai a ƙofar gidan ango. Muna hawa wani tudu muka hango tafki shimfiɗe, ga 'yan fitilun tunga, har muna jiyo kalangu. Matan baya suka fara gyara murya za su yi guɗa.

Daidai nan hon ya kama da kansa.

Wallahi ban taɓa shi ba. Hannuwana biyu na kan sitiyari. Ya yi ƙara, ya sauka, ya sake tashi, kamar jiniya. Na buga shi da tafi, ya ƙara ƙarfi. Na kashe fitila, makunnin ya juya a hannuna sakwaf kamar an dafa shi, fitilu ba su mutu ba. Gwaggo tana cewa, "Ya isa, sun ji mu! Ya isa mana!" Ni kuma ina cewa, "Ba ni ba ne!" Ta ce, "To wa ne, ni?"

Haka muka gangara tudun nan, fitilu huɗu kowace da alƙiblarta, jiniya na tashi, kwanuka na amsawa. Ina shiga filin tungar na taka birki. Wani hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin sitiyari, fitilu suka yi ja suka mutu, hon ya yi wani kuka irin na akuyar da ta gaji, shi ma ya yi shiru. Injin ya bi su.

Muka fito. Ga tabarmi a shimfiɗe. Ga manyan tukwane biyu a kan murhu, shinkafa na tafasa. Ga kalangu yashe a ƙasa, ga takalma warwatse, wani ma ƙafa ɗaya. Babu mutum. Ko yaro babu. Wata daga cikin matan da ta riga ta ɗauko guɗa ta sake ta rabi, ta haɗiye sauran.

Na yi sallama. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Wani kare ya amsa daga nesa.

Ni dai na rasa abin da zan kama. Na ce ko ba nan ba ne? Maimuna ta ce nan ne, ta zo ganin ɗaki da kanta. Na ce ko rasuwa aka yi? Aka ce wace irin rasuwa ce za a bar takalma? Wata ta ce ko dorinar ruwa ce ta fito, sai duk suka matso jikin mota. Amarya, wadda tun Yelwa take kukan al'ada, yanzu ta fara na gaske.

Gwaggo Kulu ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ta ce, "Mu za a yi wa haka? Mu kawo ɗiya tun daga Yauri a watse a bar muna tukwane? In ba su so, ai sai su hwaɗi tun da wuri. Malam, tada mota. Gida muka komawa, kuma ƙafar Rabi ba ta sake taka wagga tunga."

Na san Gwaggo, in ta furta ta zauna. Auren da aka shekara biyu ana shiri zai lalace a gabana, ban ma san dalili ba. Na shiga na murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. (Wannan ne kaɗai alherin da aikina ya yi a daren, ya hana mu juyawa.)

Muna cikin haka sai ga wata 'yar fitilar ƙwai tana tahowa daga bayan wani rumbu, a hankali. Wata tsohuwa ce. Ta tsaya nesa da ni ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai. Wallahi mu nan ba mu da taru mai ƙananan ido. Biki mukai."

Na waiga in ga Yallaɓan da take nufi. Babu kowa a bayana sai gado.

Maimuna ce ta gane ta. Ta ce, "Inna! Mu ne hwa, mun kawo amarya."

Tsohuwar, mahaifiyar ango, ta ɗaga fitila ta haska fuskar Maimuna, ta haska ta Gwaggo, ta haska gadon. Sai ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu. Ku ne da jiniya?"

A nan ne aka warware mana. Ashe kwanakin nan ana ta raɗe-raɗin jami'ai za su zo kamen tarun da aka hana, irin mai kwashe har 'ya'yan kifi. Da aka hango haske na lasar sama daga kan tudu, ga jiniya, sai wani ya yi ihu, "Ga su nan!" Wanda ke da tarun ya ruga ya ɓoye, wanda ba shi da shi ya ruga don ya ga ana gudu. Maza suka tura jirage cikin ruwa, mata suka shige dawa da yara, makaɗa suka bi su.

Gwaggo ta ce, "To ina angon?"

Inna ta juya ta nuna tafki da fitila.

Ta je bakin ruwa ta yi ta kira. Ɗaya bayan ɗaya jirage suka fara dawowa. Mutane na fitowa daga dawa suna kakkaɓe jiki, kowa na neman takalminsa. Daga ƙarshe ga Sani, ango, babbar rigarsa ta shadda jiƙe sharkaf har ƙirji, hula babu. Ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo ruwa na ɗiga. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ina jiran ta fashe da faɗa, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya ce ta ci ƙarfinta. Daga cikin mayafi ma na ji kukan amarya ya canza launi.

Na yi ajiyar zuciya. Na ce shi ke nan, an wuce wurin, ba wanda zai tuna da ni. Har na fara ja da baya.

Sai Sarkin Ruwa ya iso, dattijo mai natsuwa, wanda shi yake gyara injin jiragen tungar da hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi fitilar Inna ya ce bari ya ga abin da ya tashi garinsa. Jama'a suka zagaye motar, maza da mata, sun fi ɗari a idona. Ya duƙa gaban fitilar dama, ya daɗe yana kallo. Ya koma ta hagu. Ya sa na buɗe bonet, ya jawo wani dunƙulen wayoyi da suka narke suka manne kamar alewa. Ya leƙa gidan fis ya zaro guntun wayata, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Ya ce, "Malam, an cuce ka. Fitilun ga kife suke, duka biyu. Wanga kuma, da Allah bai tsare ba, da motar ta kama da wuta da ɗiyan mutane a ciki. Wane ne ya yi maka wanga aiki? Hwaɗa muna sunanshi, don kada wani ya sake kai mishi ko keke."

Kowa ya zuba mini ido. Ina jin sunan Mamman Rewaya yana hawowa maƙogwarona (Allah ya yafe mini, mutumin da ya gargaɗe ni), na ce, "Wato, Baba, akwai wani ne can Yelwa..."

Gwaggo Kulu ba ta bari na ƙarasa ba. Har yau ban sani ba ko taimakona ta yi niyya ko kashe ni. Ta ɗaga murya ta ce, "Wane wani? Shi ya yi abinshi da hannunshi, kwana biyu yana yi. Ai malamin kimiyya ne!"

Sarkin Ruwa ya dubi wayar, ya dube ni. Ya yi ƙoƙari, na ga ya yi ƙoƙari, har ya cije leɓe. Ya ce, "To... to madalla. Allah shi ƙara ilimi."

Wani daga baya ya ce amin da ƙarfi, sai wurin ya fashe. Har mai kalangu ya ɗauki abinsa ya fara kwaikwayon jiniyata da shi, mata na tafi. Na nemi Maimuna da ido ko zan samu mafaka, na hango ta ta juya baya ta toshe baki da gyale. Samari suka tura motar zuwa ƙofar ɗakin amarya, ni ina ciki riƙe da sitiyari, Inna na gaba da fitilar ƙwai tana nuna mini hanya tana cewa, "Dama kaɗan, Yallaɓai."

An yi biki lafiya, an ce ma ba a taɓa yin mai daɗinsa ba a tungar. Ni dai ban ci shinkafar ba. Bayan kwana biyu na je na ɗauko Mamman a bayan babur. Ya dubi aikin, bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa maka ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya yini yana jan sababbin wayoyi, ya juya fitilun, ya sa rile ɗin nan. Wannan karon na tambaye shi mene ne shi, ya yi mini bayani a tsaye cikin minti biyu, na gane sarai. Sai ya ce, "Ka ga da ka tambaya tun ran nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Abin da na koya shi ne, ilimin da na iya a kan allo, a kan allo nake barinsa, don shi allo ba ya kamawa da wuta, ba ya kuma korar ango. Yanzu in ana biki a dangi aka zo rabon aiki, ba na ɗaga hannu, jira nake a ba ni. Yawanci rabon goro ake ba ni. Shi ma ɗin, kafin in fita da shi, sai Gwaggo Kulu ta kira ni ta duba ko daidai na riƙe faranti.